Kitson Inna a Hannun Kulu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da gashin nan nawa zai sake tsawo har ya share ƙasa, da abin da ya same ni ranar bikin ƙanwata Luba a Taloka. Amma bari in faro daga inda wautar ta faro.

Ni malamar firamare ce a Wurno, kuma gaskiya ban taɓa fin kowa a komai ba sai a gashi. Ba ni da murya, tuwona ma sai a hankali, amma gashi kam Allah ya ba ni har gadon baya. In muna cikin mata, da gangan nake ɗaura ɗankwali yadda jelar kitso za ta leƙo ta wuya (Allah ya yafe mini, ƙaramar riya ce).

Ranar da likita a Sakkwato ya ce ciwon daji ne a nonona, ko ƙwalla ban yi ba. Na ce Allah ya sa kaffara ce, har maigidana yana mamakin ƙarfin imanina. Sai wata nas ta zaunar da ni tana bayanin kemo, wato maganin da ake sa wa mutum ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Ta ce bayan mako biyu ko uku gashi zai fara zuba, gara in rage shi tun da wuri don kada in riƙa tsintar sa a kan matashi, in tanadi hula mai laushi, kuma in an gama magani zai dawo. Nan fa imanin ya tsere, na fashe da kukan da har masu jiran layi suka leƙo.

A mota muna komawa na yanke shawara: Inna ba za ta sani ba. Tana da hawan jini, ga bikin autarta saura wata uku. Kuma ni ce 'yar fari, don haka akwai kunya tsakaninmu. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai "ke" ko "wagga". Abu ɗaya ne ke haɗa jikina da nata, shi ne kitso. Ko bayan na yi aure, duk sanda na je gida sai na zauna tsakanin ƙafafunta ta tsefe ni ta kitse, ba ma ce wa juna komai.

To, ga dabarar da na ƙulla, wadda a lokacin na ga ko alƙali sai ya sara mini. Kafin kemo na farko na tafi Taloka na ce Inna ta yi mini kalaba ƙanana. Ta yini tana yi, tana naɗe bakin kowace jela da baƙin zare kamar yadda ta saba. Da na dawo Wurno na miƙa wa maigida almakashi, ya bi kalabar nan ɗaya bayan ɗaya yana yanke ta daga tushe, sannan ya bi da injin aski. Shi manomin albasa ne, komai da albasa yake auna shi. Ya ja baya ya ƙare wa kaina kallo.

"Wallahi wagga albasa ta yi kyau," in ji shi. "Ba ruɓa, ba tsiro."

Na ɗaga kai zan rama, sai na ga idonsa ya cika taf. Ya ce albasar ce ta shiga masa ido.

Na samo baƙar hula mai roba, na kwana biyu ina ɗinke kalabar a gefenta, layi-layi. In na sa hular na ɗora ɗankwali, jela na lilo a wuya, wallahi ni kaina sai na kusa yarda. Da girar ma ta bi sahu ta zube, na koma zana ta da jagira.

Sau biyu na je Taloka a tsakanin. Zuwan farko Inna ta dubi wuyana ta ce, "Ba ki tsehe ba?" Na ce sauri nake, makaranta ba hutu. Zuwa na biyu ba ta ma yi zancen kitso ba, sai dai ta dama mini fura mai sanyi, ta hana ni ko ɗaukar tsintsiya. A hanyar komawa har yabon kaina na yi, wai na iya taku.

Da biki ya zo na roƙi likita ya bar ni in je, ya ce to, amma in guji cunkoso da rana. Na shirya wa komai. Iska: na ƙara wa ɗankwali fil. Alwala: a ɗaki ni kaɗai. Zufa: jagira na cikin jaka. Mutum ɗaya ce ban sa a lissafi ba, Kulu.

Kulu 'yar kawuna ce, wato taubashiyata, kuma kun san tsakanin taubasai babu laifi, komai wasa ne. Tun muna yara gaisuwarta ɗaya ce: ta lallaɓo ta baya, ta damƙi kitsona kamar linzami, ta ja tana cewa goɗiyarta ce ni. Tana aure a Maikujera, na kuma ji ta haihu, ba ta daɗe da yin arba'in ba, sai na ɗauka ba za ta zo ba.

Ranar yinin biki da la'asar tsakar gida ta cika da mata, masu kiɗan ƙwarya sun kifa ƙwarya a cikin baho cike da ruwa suna ta bugu. Ni ina gefe a inuwa kamar yadda likita ya ce. Sai wata gwaggo ta ce, "Kai, ɗiyar ga, ke dai kitsonki ba ya tsuhwa!" Da mai hankali ce ni, da na ce na gode na yi shiru. Ina! Yabon gashi ne fa, wata uku rabona da shi. Sai ga ni na miƙe na shiga fili, ina taka rawa, har da kaɗa kai don jelar ta yi lilo.

Ban ji zuwanta ba. Muryarta kawai na ji a bayana.

"Ga goɗiyata! Tsaya nan!"

Ta ja. Kalaba ta tafi, hula ta bi ta, ɗankwali da fil ɗinsa suka rufa musu baya. Na ji wata iska mai daɗi ta ratsa tsakiyar kaina.

Kiɗa ya tsaya cak. Kulu ta dubi hannunta, ta dubi kaina, ta sake duban hannunta, sai ta kurma ihu.

"Innalillahi! Na cire mata kai! Jama'a ku shaida, ba da ƙarhi nij ja ba!"

Ta yi wurgi da kitson, ya faɗa tsulum cikin bahon masu kiɗa, jeloli suka baje a ruwa. Tsohuwar da ke bugun ƙwarya ta yi tsalle baya tana a'uziyya, tsallen da na tabbata rabonta da irinsa tun tana budurwa.

Ni kuwa? Faifai na gani a kan kwanon waina, na fizgo na kifa a kai. Idanu sun fi ɗari a kaina, Inna na bakin ɗakinta. Dole in faɗi wani abu, kuma har lokacin ban daina son ɓoye mata ba. Ni da nake duba kawunan yara duk safiyar Litinin, na buɗe baki da ƙarfi na ce:

"Kwarkwata ta! Kwarkwata nay yi, shi yas sa anka aske!"

Matan da ke kusa da ni suka ja da baya a tare, wata har da janye goyonta.

Inna ta taho ba sauri. Ta sa hannu a baho ta tsamo kitson, ta matse shi kamar wanki, ta kama hannuna zuwa ɗaki ta saki labule. Ta cire faifan ta ajiye.

"Kwarkwata ba ta cin gira," ta ce.

Na taɓa goshina. Zufar rawa ta wanke jagirar tas.

"Kitson ga ni nay yi shi. Wata ukku bai tashi ba, bai yi gizo ba, zarena ko motsi bai yi ba. Ke kin taɓa ganin haka?"

"Inna, tun yaushe kunka sani?"

"Tun zuwanki na hwarko. Nak kira mijinki, ko gaisuwa ba mu ƙare ba yah hwaɗi mani komi, shina kuka."

(Mutumin nan kullum sai ya ce mini, "Ki kwantar da hankalinki, ba ta gane ba.")

"To mi yas sa ba ku yi magana ba?"

"Kin sha wahalar ɗunki," ta ce. "Nic ce bari in bar ki da abinki."

Dariya ta zo mini, kuka ya riga ta. Wata uku ina ɓoye ciwo don kada jininta ya hau, ita kuma tana ɓoye saninta don kada raina ya ɓaci. Ta zauna a bakin gado, ta nuna mini ƙasa tsakanin ƙafafunta. Na zauna. Ta lakato mai a tafin hannu ta shiga shafa mini a kan nan da babu abin kitsawa.

"Ran suna haka wanzami yam miƙo mani kan ga, ƙwal," ta ce. "Ya tsiro sannan. Shina tsirowa, in Allah ya so."

Sai ta kira sunana, ta ce in bar kuka. Shekara talatin da bakwai ina duniya, ranar na fara jin yadda yake fita a bakinta.

Da muka fito, ɗankwalin Inna ne a kaina, kuma da bakina na gaya wa mata gaskiya, don in wanke kaina daga kwarkwata. Kulu ta yi kuka har ta fi amarya. Hukuncin da na yanke mata shi ne rakiya, kuma duk sauran kemo da ita aka yi, tana riƙe mini jaka tana tsokanar nas-nas.

Yanzu an gama magani, gashi ya fito, gajere mai murɗe-murɗe. Kulu ta gwada kamawa, babu linzami. Inna kuwa duk zuwana sai ta auna shi da yatsa ta ce saura kaɗan.

Darasin da na koya: in za ki yi wa uwarki ƙarya, kada ki yi ta da aikin hannunta. In kuma kin nace sai kin yi, to ki ɗinka wa hular igiya ta ƙarƙashin haɓa.