Rawata a Falon Ramon

A shekarun casa'in, ina karatu a birnin Greensboro na Amurka, na naɗa kaina masanin mutanen Jamhuriyar Dominika. Hujjata guda ce: maƙwabcina Ramon, bakanike, ɗan can ne. Ko zancen rashin wuta a ƙasarsu yake yi, da yadda matasa ke ta guduwa Amurka, da dariya yake ƙarewa. Har lacca nake yi wa 'yan uwa Hausawa: "Mutanen nan ba su san baƙin ciki ba. Mu ne sarakan ƙorafi."

Wata Asabar na ga motoci cike a ƙofar Ramon, ana shiga da tukwanen shinkafa. Na ce shagali ne, na ja abokina Malam Sani ya zo ya gani da idonsa.

"Ba ma tambaya tukuna?" in ji shi.

"Malam, al'adarsu na san ta ciki da waje."

Na faɗa falo ina tafi, ina karkaɗa ƙugu irin rawarsu, ina cewa a saka kaset. Ba wanda ya motsa. Wata tsohuwa ta ɗago kai daga carbinta. Sai sannan na hango hoton mahaifiyar Ramon a kan tebur, kyandirori kewaye da shi. Addu'ar rasuwarta ake yi.

Ramon ya dafa kafaɗata. "Farfesa, yau mun rufe shagon farin ciki. Ka dawo Litinin."

Malam Sani bai rage wa kowa labarin ba. Har yau in an yi rasuwa, sai wani ya bugo min waya: "Za mu gaisuwa. Ƙugun yana nan lafiya?"