Abin da 'Yardada Ta Rage a Alkaki

"Ina gajiya kuma? Ko da yake wace gajiya ga wadda ba ta da aiki sai jan carbi da sauraren hirar maƙwabta ta katanga," in ji Nazeer, yana tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin kakarsa.

"Lafiya lau, maigida. Ashe kana raye. Ni har na fara shirin shiga takaba."

Hajiya 'Yardada ke nan, mai alkakin Shahuci, wadda ta shekara arba'in tana yi wa amare kayan gara kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Nazeer jikanta ne, tun yana cikin zanen goyo take kiransa mijinta, shi kuma tun da ya iya magana yake yi mata alkawarin saki. Yau dai dariyar tasa iyakarta leɓe. Gari na wayewa, ko koko bai tsaya sha ba ya tari adaidaita daga Gwammaja.

Ga abin da ya faru. Shekara biyu ke nan yana rubutu a shafinsa na intanet, bulog na abincin gargajiyar Kano, masu karatu ba yabo ba fallasa. Sati biyu da suka wuce ya kira tsohuwar a waya ta faɗa masa yadda ake alkaki, ya rubuta ya saka da sunanta. Nan da nan shafi ya cika, har wani mai injin ɓarzar alkama, Alhaji Muttaka, ya ce yana son a sa masa talla ta shekara guda, zai duba shafin da kansa yau bayan la'asar ya yanke shawara. Sai kuma jiya matan da suka gwada suka fara dawowa da sakamako, kuma babu mai sa albarka a cikinsu.

"Hajiya, kin kashe ni," ya ce, ya zube a kan tabarma.

"Da na huta. Miji ba cefane, ba zanen sallah, sai waya kamar mai tsaron gidan rediyo."

"Ki bar wasa. Saurari abin da suka rubuta." Ya zaro waya. "Wannan ta ce nata ya yi tauri, maigidanta ya kusa rasa haƙori. Wannan ta ce kwano guda na alkama ta ɓata, ga bikin ƙanwarta jibi. Wannan kuwa cewa ta yi, ko tsohuwar ta fara ruɗewa ne."

"Wa ta ce ta ruɗe? Ba ni lambarta."

"To me kika rage?"

"Kai da ka rubuta, da ka gwada yaya naka ya fito?"

Nazeer ya shiga duban rufin ɗaki. Gaskiyar magana ita ce yaron nan ko ruwan shayi ya ɗora sai an tuna masa ya sauke.

"Ban gwada ba."

"Ka ji mai koyar da matan Kano girki. Abin da bai shiga bakinka ba ka zuba a bakin mutane dubu. Ni ko mai na canza wurin saye, sai na soya uku na ci tukuna kafin faranti ya fita ƙofar gidan nan."

"Shi ya sa haƙoranki suka ƙare."

"Huɗun da suka rage sun ishe ni cinye gadonka."

Ya yi ƙoƙarin murmushi abin ya ƙi. Ya dubi agogon bango, sha ɗaya saura. Wannan tallar ita ce karo na farko da shafin zai kawo masa wani abu ban da cin data da gorin 'yan uwa.

"Goge maganganun nasu zan yi kafin Alhaji ya gani," ya ce. "In kuma rufe wurin sharhin gaba ɗaya."

"Goge mana. Su kuma bakunansu da wayoyinsu ka bi su gida-gida ka goge." Ta gyara zaman ƙafarta mai ciwo. "Wata shekara wata mata daga Dala ta dawo min da alkaki langa guda, tana faɗa tun daga soro. Na shimfiɗa mata tabarma, na ɗanɗana a gabanta, na ce kin yi gaskiya, mai ya yi yawa. Na sake mata wani. 'Ya'yanta biyar duk ni na yi musu gara. Wadda ta dawo ta yi maka faɗa ba ta bar ka ba tukuna. Wadda nake tsoro ita ce mai yin shiru ta canza gida."

"To in ce musu me? In ce kakata ce ta yaudare ni?"

"Ka ce ka yi garaje. Ka amsa wa kowacce da sunanta. Mai bikin nan kuwa ka fara da ita, ka tura ta nan in ba ta haƙuri da kaina."

"Kin ga yadda kike tsara magana kamar ba ke kika haƙa ramin ba. Wallahi ranar da kika tafi, ni zan raba gumba, kuma sai na ci kashi biyu."

"Sai dai ka ci ta wasu. Na binne kakanka, mai sunanka na asali, kai ma jira nake." Ta miƙa hannu ta karɓi wayar, ta riƙe ta nesa da ido kamar mai duba ƙwai. "Wai wace rana kake fitar da abin naka?"

"Duk ranar da na samu lokaci."

"Shi ya sa. Ni a da Litinin da Alhamis nake tuya, ko ana ruwa ko ana zazzaɓi. Makaho ma ya san ranar da ƙamshi zai tashi a lungun nan. Kai kuwa yau ka fito, sai bayan wata a sake jin ɗuriyarka. Wa zai yi ta zarya ƙofar da bai san ranar buɗe ta ba?"

"To, na ji. Juma'a."

"Kuma ina kake kai tallar shafin?"

"Ina turawa abokaina."

"Gardawa masu cin tsire a bakin titi? Su ne za su yi alkaki? Ni ɗanɗano nake aikawa gidan kitso da gidan mai lalle, don nan mata ke zama baki bai huta ba. Ka nemi masu kitso, da masu gyaran amare, da ƙungiyoyin biki na waya da ƙanwarka Jamila ke ciki, ka ba su kyauta su yaɗa. Shi kuma Alhajin naka, ka ga alkamar tasa da idonka?"

"Hoto ya turo."

"Hoto. Ka ce ya aiko da mudu guda a gwada. In da tsakuwa a ciki, sunanka mata za su tsine wa, ba nasa ba."

Duk wannan Nazeer na ji, yana kuma ganin gaskiyarta, amma agogo bai tsaya jiran nasiha ba. Ya matso ya kama gefen zanenta kamar yadda yake yi yana yaro in yana son ƙanzo.

"Uwargida ran gida. Na janye sakin. Don Allah me kika rage?"

Ta janye zanenta daga hannunsa.

"Kwana. In ka murza ɓarzajjiyar alkamar da mai da ɗan nono, rufewa ake yi a bar ta ta kwana ta yi tsami. Da safe a sa ruwan kanwa kaɗan, sannan a naɗa a soya. Wanda ya soya a ranar, dutse zai kwasa."

"Kwana?" in ji shi. "Hajiya, la'asar fa zai duba. In na gyara da baki kawai ba wanda zai yarda, sai sun ga an yi a gabansu. Ina zan samo jiya?"

Ya dafe kai da hannu biyu. A ransa ya riga ya ga Alhaji Muttaka yana karanta zancen haƙorin maigidan nan yana ajiye waya. Tsoro ya kama shi sosai, har da jin haushin tsohuwar.

"Me ya sa kika yi min haka?" ya ce a hankali, ba wasa a muryarsa.

"Wata uku rabonka da gidan nan," ta ce, ita ma ba wasa. "Sana'ar da na ci da ubanka da ita, na aurar da gwaggwanninka, ita ka kira kana cikin adaidaita ka ce in yi sauri kati zai ƙare. Na ce to, in na ba shi duka a waya, sai dai ya zo ɗaukar makara."

Kunya ta rufe Nazeer, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya buɗe baki zai ba da uzurin aiki, ya ga uzurin bai kai a faɗa ba, ya rufe.

"Tashi, ragon miji. Leƙa ƙarƙashin gado ka jawo min kwanon nan mai murfi."

Ya jawo, ya buɗe. Ƙamshin tsami ya daki hancinsa. Kwaɓi ne, ya kwana ya yi laushi, yana jiran kanwa.

"Jiya da yamma Tani ta gidan baya ta karanta min zagin da ake maka," in ji ta. "Na ce gobe da safe angona na tafe da gudu, na kwaɓa na rufe. Hura gawayi, ka kafa wayar taka. Hannuna kawai za ka ɗauka, ban yarda zawarawa su ga fuskata su hana ka barci ba."

Sai a lokacin dariya ta gaske ta ƙwace masa, har da ɗan ruwa a ido.

"Na sallama, Hajiya. Kin ci." Ya ɗauki mafici, sai kuma ya tsaya. "Tsaya. Ruwan sukarin da ake tsomawa fa? Wanda kika faɗa min daidai ne, ko shi ma akwai abin da kika rage?"

'Yardada ta tsoma yatsa a ruwan kanwa, ta ɗanɗana, ba ta ko kalle shi ba.

"Na yau ni zan haɗa, ka juya baya. Sauran bayani sai Juma'a. Ka faɗa wa matan su dawo, kai ma ka zo da ƙafarka."