Yadda Za Ka Rage Laifi A Abakpa Da Biro Ɗaya

Kai da aka ɗora wa tattara alƙaluman laifukan unguwa, kwantar da hankalinka. Bi sawun Malam Gimba, sakataren 'yan Arewa na unguwar Abakpa Nike a Inugu, wanda ya rage sata da rabi bai ko tashi daga benci ba. Na yi maka alkawari, kafin shekara ta zagayo sai an tafa maka.

1. Abin da aka sasanta bai faru ba

An kama wani ya saci cinyar saniya a mayanka? Kai shi gaban dattawa. A yi masa tatas, ya rantse ya tuba, a shafa fatiha. Rubuta sifili. Ai fatiha ba ta shiga takarda.

2. Zaɓi abin da za ka ƙirga

An sace shanu goma a mota guda. A Fatakwal sata goma ke nan, don su shanu suke ƙirgawa. A Anacha huɗu, don su ɓarayin suke ƙirgawa. Malam Gimba kuwa mota yake ƙirgawa. Jera garuruwan uku a shafi ɗaya, ka ga yadda Inugu ta fi kowa tarbiyya.

3. Kada ka ƙirga mai jiran shari'a

Ga Falalu ɗan okada, da aka kwashe a wani samame, wata goma sha huɗu yana tsare. Ba a yanke masa hukunci ba, don haka ba fursuna ba ne. Ba ya kwana a gida, don haka ba ɗan unguwa ba ne. Irinsa hutu ne ga biro.

4. Iya sallamar mai kuka

Matar Falalu, Hajaratu, ta zo ta durƙusa gaban Malam Gimba.

"Malam, wani lauya ya ce in kun sa sunansa a takardarku, za su bi kes ɗin kyauta."

"Yi haƙuri, 'yata, takardar bana ta riga ta tafi wurin oga. Kuma a rubuce, ba mu da kowa a gidan yari."

"To, Malam, ni wa nake kai wa tuwo ran Asabar?"

Kunya ta rufe Malam Gimba, ya hau laluben murfin biro a ƙarƙashin benci. Kai ka fi shi dauriya.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, babu hannuna, babu ƙafata. In Hajaratu ta tsaya a ƙofarka da kwano a hannu, kada ka turo min ita. Ai shi kansa Malam Gimba, tun ranar nan, ta bayan mayanka yake zagayawa zuwa masallaci don kada su haɗu.