Yadda Ake Korar Harafin da Ido Ba Ya Gani

Ɗan'uwa, in ordinater, wato kwamfuta, ta ƙi karanta fishiyenka, wato fayil ɗinka, ka duba sama da ƙasa ba ka ga kuskure ba, nemi wuri ka zauna. Dabarar nan ba ta taɓa kasawa ba. Harouna, sakataren sandika, wato ƙungiyar direbobi, a nan Gaya, ya bi ta daki-daki, har yau ana zancensa a tasha.

1. San inda kayan suka fito

Fishiyen Harouna jerin lodi ne: wa ya riga wa zuwa, wa zai ɗauki kaya gobe. A Malanville aka buga shi kan Windows, ya ƙetaro kogi cikin kile, ɗan makullin USB ɗin nan, a aljihun wani, aka juye shi a injin Linux. Kai ɗan Gaya ne, ka san kayan da suka ƙetaro ruwa ba sa rasa wani abu ƙarƙashin tamfol. Windows kan maƙala ɓoyayyen harafi a ƙarshen kowane layi, Linux kuwa ba ta shiri da shi.

2. Nemi mai laifi

Harouna ya fara ɗora laifi kan kuran, wato wutar lantarki, ya koma kan zafi. Da Alhaji Tanko, shugaban sandika, ya leƙo ya ce, "Malam Harouna, motocin mutane fa suna tsaye," sai ya amsa, "Yanzun nan, Alhaji." Riƙe wannan amsa, tana kai mutum la'asar.

3. Tona masa asiri

Buga cat -A jeri, don jeri ne sunan fishiyen. Ga shi nan, ^M, ya yi zaman dirshan a bakin kowane layi. Kira jama'a su gani, ranar nuna ilimi ke nan. Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "Wannan ɗan mitsitsin ne ya hana mu lodi?"

4. Kada ka ajiye kwafi

Aikin matsorata ne. Mai kile ma ya riga ya koma ƙetare.

5. Kore shi

Buga tr -d '\r' < jeri > jeri. Wannan \r shi ne ^M ɗin. Masu tsoro za su ce ka ba sakamakon sabon suna, wai injin yakan share wurin zubawa tun kafin ya karanta. Ƙyale su. Harouna ya yi bismillah ya danna.

6. Duba aikinka

Babu ^M ko ɗaya. Babu kuma sunan direba ko ɗaya. Fishiyen ya koma wayam.

"Ya fita?" in ji Alhaji.

"Ya fita, Alhaji."

"Madalla. To, wa ke lodi gobe?"

Kafin magariba, duk direban da ke tasha ya rantse shi ya riga kowa zuwa.

Tsame hannu: alkawarina shi ne harafin zai tafi, ya kuma tafi. Abin da ya bi shi ba da yawuna ba. In direbobi suka tambayi gidanka, zan nuna musu.