Ranar da Na Kwanta wa Dattawan Mile 12

Akwai safiyar wata Talata da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Wajen ƙarfe goma ne, a wani ofis da ke Ogba, kuma shaidu uku ne, dukkansu masu furfura.

A Agege aka haife ni, a nan aka haifi kakana. Shekarar da na sami gurbin karatu a jami'a, babu kuɗin rajista a gidanmu, ga wa'adi yana ƙaratowa. In ya wuce, gurbin ya tafi. Sai na shiga neman tallafi duk inda na ji ƙishin-ƙishin ɗinsa.

Wuri na farko, dattawan Yarabawa ne ke tantancewa. Na shiga na tsuguna irin gaisuwarmu ta Hausawa, ina jin kaina cikakken mai ladabi. Ɗayansu ya dube ni ya tambaya da Yarabanci ko cikina ne ke ciwo. Ban samu ba.

Da na dawo gida Iya, mahaifiyata, ta ce, "Kai da aka haifa a garin nan ba ka san dobale ba? Namiji kwanciya yake yi a gabansu, ƙirji a ƙasa. Tsugunonka ka ajiye wa kawunnanka."

Ta sa na yi ta gwadawa a tsakar gida (maƙwabta suna leƙe ta taga) har ta gamsu.

Sai ga kira daga wata gidauniya a Ogba. Ban binciki masu ita ba, wanda shi ne abu na farko da mai hankali zai yi. Allon ƙofa da Turanci yake, sakatariya ta yi mini magana da Yarabanci, ni kuma na yanke hukunci cewa nan ma Yarabawa ne. Tana buɗe ƙofa, ko ɗaga kai ban yi ba, na miƙe a ƙasa samɓal, haɓa a kan tayil. Zan iya cewa ban taɓa yin wadda ta kai ta kyau ba.

Sannan na ji wata murya da Sakkwatanci zalla.

"Subhanallahi. Mi as same shi?"

"Yunwa ce, Alhaji," in ji wani. "Yaran nan ba sa karyawa. A kawo ruwa."

Ashe gidauniyar ta 'yan kasuwar tumatir da albasa ce na Mile 12, mutanen da ba sa yarda goshi ya nufi ƙasa don ɗan Adam. Ina kwance ina lissafi: in zama wanda ya suma, ko in zama Bahaushen da ya kwanta wa mutane? Kafin in gama zaɓe, an fasa mini ledar ruwan fiya wata a ƙeya.

Na tashi zaune ruwa na bin wuyan rigar aro, na ce, "Ranku ya daɗe, lafiyata ƙalau. Gaisuwa ce."

Shugabansu, wani siririn dattijo mai tabarau, ya daɗe yana kallona.

"Ɗan wane gari ne kai?"

"Agege, Baba."

"A'a, asali."

"Agege."

Ya jinjina kai kamar likitan da ya gano cuta. "To, ɗana, ko da salla ce ka yi niyya, alƙibla tana wancan gefen."

Sauran biyun suka yi ta dariya har ɗaya ya cire hula. Da suka huce suka karɓi sakamakon jarrabawata, suka yi mini tambayoyi, na amsa a jiƙe.

Abin da na koya bai da yawa: kafin ka zube wa mutum, ɗaga kai ka ga ko wane ne.

Sun biya mini rajista kafin wa'adi ya cika, suka ci gaba da biya har na gama. Yau a gidan rediyo nake aiki, ina karanta labarai da Hausar da ba a raina ta. Amma in na shiga Mile 12 sayen tumatir, Dobale ake kirana, kuma ina amsawa.