Injiniya Hattara da Rumbun Gwaggo Marka

Duk faɗin Malumfashi, kai har Funtua, ba a taɓa haifar mai tausayin leburori irin Awaisu ba. Shekara uku ya yi a Doha yana ɗaga wa manyan motoci tuta a bakin wani gini, ya dawo da takardar shaidar kare lafiyar ma'aikata, mai tambari ruwan zinare. Hular kwanonsa fara fat. Da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake cin tsire. 'Yan acaɓan garin Dayi suka raɗa masa Injiniya Hattara, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Babbar takardar da yake hari, wadda za ta mayar da shi ƙasar waje a matsayin manaja, tana son hujjar cewa ya taɓa kula da gini tun daga tushe har rufi. Ya zagaye 'yan kwangilar Funtua kaf, kowa ya ba shi ruwan sanyi ya raka shi bakin ƙofa. Ana haka sai ga gwaggonsa Marka za ta gina sabon rumbu. Tsohon rumbun ya zube, ga dawa dami-dami jibge a tsakar gida, kuma ita ce abincin mutum goma sha ɗaya har wata kakar. Nan take Injiniya ya naɗa kansa shugaban aiki.

Maginin shi ne Ɗanasabe, tsohon da ya gina rabin rumbunan yankin. Da ƙafa yake kwaɓa ƙasa, ya zuba ciyawa, ya bar ta kwana uku, ya sake takawa. Tafin ƙafarsa ke gaya masa inda gudaji ya ɓuya, da lokacin da ƙasa ta yi danƙo. Injiniya na ganin ƙafa ba takalmi cikin laka ya busa usur.

"A dakata! A ƙa'idar duniya ba a taka wurin aiki sai da takalmi mai hancin ƙarfe. Ni aka horar, Baba, ba ku ba."

"Ɗan nan, in na sa wannan abu ai ba zan ji ƙasar ba."

"Ba a jin ƙasa. Auna ta ake yi."

Da me ake aunawa, bai faɗa ba, don darasinsu bai kai nan ba. Ɗanasabe ya dubi Marka. Ita kuwa nauyin ɗan ɗan'uwanta mai ilimin waje take ji, ta ce a bi shi. Tsoho ya yi ta kokawa da takalma masu nauyin turmi, laka na riƙe su, ya galabaita, ƙasa kuwa ba ta haɗu ba. Injiniya ya duba agogo ya ce tsarin aiki ya nuna yau za a fara ɗora gini. Aka ɗora. Ya ɗauki hoto ta gaba, ya ɗauka ta baya, kowanne da fuskarsa a ciki. Aka zuba dawa, aka kife jinka.

Rani ya tsattsage rumbun ta ko'ina. Ruwan farko ya bi tsagogin ya shige, na uku ya ɓarke masa ciki. Dawa ta jiƙe, ta yi baƙi, wata har ta tsiro.

Injiniya ya iso da takardar rahoto. Ya tarar da Marka zaune a ƙasa tana tsintar zangarniyar da za ta ciwu.

"Gwaggo, akwai wanda ya ji rauni?"

"Babu."

Fuskarsa ta washe. Ya rubuta yana karantawa da ƙarfi don maƙwabta su amfana: "An kammala aiki ba tare da ko ƙwarzane ba."

Marka ta yar da wata ruɓaɓɓiyar zangarniya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Allah ya yi maka albarka, Awaisu. Ƙara rubuta musu cewa yunwar bana da lafiyarmu garau za ta same mu."