Rasuwar Hajiya Lallaɓa a Hanyar Kano

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Nafisat Halliru ta Kazaure ke sanar da rasuwar motarsu, Hajiya Lallaɓa, wadda ta cika ranar Talata da sassafe, tsakanin Ɗambatta da Kunya. Ba a san shekarunta ba, don da furfurarta ta iso daga Kwatano.

Su huɗu suka haɗa kuɗi suka saye ta, dukkansu masu aiki a Kano da hayar ɗaki ta gagare su. Kason Nafisat abin da ta tara ne a shekarar bautar ƙasa. Shekara uku marigayiya tana kwasarsu bayan sallar Asuba, ta dawo da su bayan Magariba, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, in cunkoson Kurna ya yi sauƙi.

An shaide ta da haƙuri. Da safe sai ta yi "kir-kir-kir" sau uku kafin ta amsa, in ta hau rami ta ce "ƙwas", ta wuce. A kujerarta ta baya Nafisat ke duba littattafan ɗalibanta, a nan take karyawa, a nan take rama barci. Marigayiya ba ta taɓa tona wa kowa asirin abin da ke cikin kularsa ba.

Jinyarta ta samo asali ne daga shawara. Duk ƙarshen wata masu ita kan zauna a kan batun juyen baƙin mai, sai a tuna farashin shinkafa da na fetur, a ɗage zuwa wata mai zuwa. Malam Lauwali, mai tuƙa ta, yakan tsoma yatsa ya murza man, ya ce da sauransa. Da jar fitila ta fara kamawa, ya liƙe ta da takarda don kada ta tayar wa mutane hankali. Nafisat ta ga fitilar, ta kuma ji sabon tarin da marigayiya ta fara, amma ita ce ƙarama a motar, sai ta ji nauyin yi wa manya gyara. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "ƙaƙaƙas". Makaniki ya leƙa, ya cire hularsa.

Ta bar Malam Lauwali, da Kawu Muhammadu Lawal mai jiran ritaya, da Musaddiƙ mai sabon jariri, da taya ɗaya mai sauran rai. Ta bar Nafisat, wadda kuɗin motar haya na wata ke neman cinye albashinta, kuma tun ranar Talatar shugabar makaranta ta sanar da ita cewa makara ɗaya ta rage mata kafin a sallame ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a garejin makanikin, inda masu sayen tsohon ƙarfe za su ɗora ta a sikeli. Ba a buƙatar abincin sadaka. Za a karɓi gaisuwa ranar Litinin da ƙarfe biyar da rabi na asuba, a bakin titin Kano, inda Nafisat za ta tsaya da jakarta. Duk mai zuwa ta'aziyya da mota, ana roƙonsa ya bar kujera ɗaya.